Anjelo Moso, Ɗan Kafintan Da Ya Ɗora Tunani Bisa Sikeli

 Yau za mu leƙa ƙasar Italiya, mu ɗauko labarin wani likita mai suna Anjelo Moso, wanda ya rasu tun shekarar 1910. Mun san da yawa daga cikinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti a Maraɗi ko Yamai ko Kano, aka ce sai an ɗauki hoton cikin kansa, to ya ratsa ta gefen gonar da wannan mutum ya fara sara. Shi ne farkon wanda ya nuna da awo a rubuce cewa idan mutum ya yi tunani, ko wani abu ya faɗo masa a rai, jini yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwarsa.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu faɗi abin da ya ja hankalinmu gare shi. A kasuwar Gidan Rumji, ko ta Agye ko ta Gazawa, akwai mata da ba su taɓa zama benci a lakwal ba, ba su da littafin bashi, amma da fuskar mutum ta ɓullo daga bakin layi, nan take kuɗin da suke binsa ya faɗo musu, jaka kaza da dala kaza, har da ranar da ya karɓi kayan. Fuska ce ke jawo lissafi. Mu ma a gidan radiyo mun san haka, da an saki taken shiri, mai sauraro ya san wanda zai yi magana tun bai buɗe baki ba. Wannan irin tunawa da ke ɗaure abu da abu, fuska da suna, ƙamshi da gida, ƙara da aiki, ita ce masana ke bi da manyan na'urori a yau don su ga inda take ƙulluwa cikin kai. Farkon wanda ya kama sawunta bisa takarda shi ne Moso, kuma da kayan aikin da ba su fi na kafinta da mai walda ba.

An haife shi a birnin Turin da ke arewacin Italiya ranar 30 ga Mayu, 1846, wato kimanin shekara goma bayan Gobirawa sun kafa Tibiri. A lokacin ma ba a haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya ba, sai a 1861. Ya girma a Chieri, wani ƙaramin gari kusa da Turin, inda mahaifinsa ke sana'ar kafinta. Gida ne na talakawa, kuma yaron ya tashi cikin katako da zarto, abin da ya amfane shi har ƙarshen rayuwarsa, don yawancin na'urorin da suka ɗaukaka sunansa shi ya tsara su da kansa. Ya kammala karatun likita a jami'ar Turin a 1870, ya ɗan yi aikin likitan soja a kudancin ƙasar, sannan ya shiga yawon neman ilimi. Ya zauna a Florence wurin Moritz Schiff, ya wuce Leipzig ta Jamus wurin Carl Ludwig, daga nan ya je Paris inda ya haɗu da Claude Bernard da Étienne-Jules Marey.

Abin da ya ɗauko a wurin Ludwig da Marey shi ne dabarar sa jiki ya rubuta labarinsa da kansa. Ana naɗa takarda a jikin wani gwangwani mai juyawa a hankali, a turara ta da hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin. Sai a kawo siririn tsinke ya taɓa takardar, a haɗa gindinsa da tiyon roba zuwa wurin da ake son aunawa. Duk bugun da jijiya ta yi, iskar cikin tiyo ta motsa tsinken, shi kuma ya karce baƙin ya bar farin layi mai hawa da sauka. Da ya dawo gida ya zama malamin ilimin magunguna, a 1879 kuma aka ba shi kujerar farfesan ilimin aikin jiki a Turin, yana ɗan shekara 33.

To amma ta yaya za a auna ƙwaƙwalwa alhali tana kulle cikin ƙoƙon kai? Iyaye mata sun riga mu sanin amsar. Kowace uwa ta taɓa kallon maɗigar jaririnta tana harbawa, don ƙashin wurin bai haɗe ba tukuna. Wannan harbawa bugun jinin ƙwaƙwalwa ne. A jikin babba wurin ya rufe, sai fa in ciwo ko haɗari ya sake buɗe shi. Saboda haka Moso ya riƙa neman majinyatan da ƙoƙon kansu ya huje, fata kawai ta rufe ramin. Ya yi aiki da wata mata da tunjere ya cinye mata ƙashin goshi, da wani yaro mai farfaɗiya da ya faɗo daga bene tun yana ƙarami. Ya kan zauna gefen gadonsu da dare tsinke na ta rubutu, ya lura cewa ko suna barci, in aka yi ɗan motsi a ɗaki ko aka ambaci sunansu a hankali, layin yana tashi ba tare da sun farka ba.

Wanda ya fi shahara cikinsu wani manomi ne mai shekara 37 da ake kira Bertino. A 1877 yana aiki gindin hasumiyar majami'ar ƙauyensu, tubali ya suɓuce daga hannun magini ya faɗo masa a goshi. Ya rayu, hankalinsa bai taɓu ba, amma rami ya saura a ƙashin. Moso ya rufe ramin da wani faifan danƙo mai bututu a tsakiya, ya haɗa shi da tsinke ɗaya. Ya kuma sa hannun Bertino cikin wani kwalaben ruwa da aka haɗa da tsinke na biyu. Wannan na biyun shi ne hikimar aikin. In zuciya ce kawai ta ƙara bugu, layukan biyu za su tashi tare. In kuwa na kai ya tashi ya bar na hannu, to abin daga ƙwaƙwalwa yake.

Wata rana suna cikin awo, ɗaki shiru, sai agogo ya buga sha biyun rana, ƙararrawar wata majami'a da ke kusa ta ɗauka. Layin kai ya yi sama, na hannu bai canza sosai ba. Mutumin bai motsa ba, bai ce uffan ba. Moso ya san al'adar mutanen karkararsu, cewa ƙararrawar tsakar rana lokacin wata addu'a ce ga mabiya ɗarikar Katolika, sai ya tambaye shi ko ƙarar ta tuna masa addu'ar da ya saba yi a wannan lokaci. Bertino ya amsa cewa haka ne, layin kuma ya sake tashi. Duk ɗan kasuwar da kiran salla ya taɓa riska yana tsakiyar ciniki ya san wannan ɗan tsinkewar da ke zuwa a zuci. Kunne ya ji ƙara, ƙara ta jawo abin da aka ɗaure mata tun ƙuruciya, kuma a wannan rana abin ya bar alama bisa takarda.

Moso bai tsaya nan ba. Ya ce wa Bertino ya lissafa 8 sau 12. Layin kai ya tashi lokacin da aka yi tambayar, ya sake tashi lokacin ba da amsa. Lissafi ne da mai sayar da sabulu ke yi a tsaye tana ba wani canji, har ta juya shi zuwa dala, amma ko shi sai da ƙwaƙwalwa ta nemi ƙarin jini. Ya tattara wannan bincike cikin littafi kan zagayar jini a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda ya samo masa babbar kyautar majalisar masana ta Lincei da ke Roma, aka kuma buga shi da Jamusanci a 1881.

A nan muna so mai karatu ya riƙe abu guda. Tsinken ya nuna cewa wani abu ya motsa cikin kan Bertino, amma bai faɗi ko mene ne ba. Sai da likita ya buɗe baki ya tambaya, manomi ya amsa. Wani abokin aikin Moso a jami'ar Turin, Cesare Lombroso, ya ɗauki irin wannan awo ya gwada a kan waɗanda ake tuhuma da laifi, kuma daga wannan hanya ce na'urar da ake cewa tana kama maƙaryaci ta samo asali. Matsalarta tun ran farko ita ce mai gaskiya ma gabansa na faɗuwa in aka tsare shi da tambaya. Shi kansa Moso ya rubuta littafi sukutum a kan tsoro a 1884, ya san yadda tsoro kaɗai ke juya jini.

Mutane masu ramin kai ba su da yawa, shi kuwa yana son auna lafiyayyu. Sai ɗan kafinta ya koma ga katako. A farkon shekarun 1880 ya ƙera wani dogon tebur da ya ɗora bisa ƙarfe guda a tsakiya, yana rinjaya ko ta kai ko ta ƙafa, kamar sikelin masu sayen gyaɗa. Mutum zai kwanta a kai, a yi ta gyara shi ana ƙara nauyi nan a rage can, har teburin ya tsaya daidai. Ana iya shafe fiye da awa guda ana jira jinin jiki ya natsu. Da yake numfashi kaɗai na iya karkata teburin, ya haɗa wasu tsinkayen a ƙirji da hannu da ƙafa don ya raba wannan da wancan. Daga nan sai a ba mutumin aikin tunani. Bisa ga abin da aka ruwaito daga gwajin, shafin jarida ya kan rinjayar da teburin ta wajen kai kaɗan, littafin lissafi mai wuya ya fi rinjayar da shi. Wanda ya fi ba mu dariya, kuma mun san ƴan kasuwa za su gane shi da kyau, wani mutum ne da aka miƙa wa wasiƙar mai binsa bashi da ya fusata. Teburin ya faɗi ta wajen kai gaba ɗaya. Ƴarsa Mimi, wadda ta girma tana ganin wannan tebur, ta siffanta shi daga baya da na'urar auna rai.

Hankalin Moso bai zauna wuri ɗaya ba. Ya juya kan gajiya, ya ƙera wata na'ura da ake ɗaure hannu a ciki, ɗan yatsan tsakiya ya yi ta ɗaga nauyi har ya kasa, tsinke na rubuta yadda ƙarfin ke raguwa. Ya gano cewa kowane mutum da irin tasa gajiyar, kuma wahalar tunani na rage ƙarfin dantse: malamin da ya wuni yana yi wa ɗalibai jarrabawa, yatsansa ya fi saurin sarewa. Ya ɗebi jinin karen da ya gaji ya zuba wa wanda ya huta, shi ma ya nuna alamun gajiya. Littafinsa na gajiya, wanda ya fito a 1891, ya buɗe da tsuntsayen salwa da ke tsallaka teku daga Afirka su faɗi a gaɓar Italiya a galabaice. Amma inda littafin ya fi zafi shi ne batun yaran da ke dakon farar wuta daga ramukan haƙa a tsibirin Sisili, waɗanda kaya ya lanƙwasa musu baya tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba, har da yawansu ba sa cin gwajin shiga soja in sun girma. Ya yi kira a rage awoyin aiki, a kare yara. Mun karanta wannan wuri muna tuna ƙananan ƴan dako da ƴan tallan da ke wucewa gabanmu ranar kasuwa da kayan da ya fi ƙarfin wuyansu.

Ya kuma hau duwatsu. A 1893 aka buɗe wata bukka a kan ɗaya daga cikin ƙololuwan dutsen Monte Rosa, mita 4,554 sama da teku, wato fiye da ninki biyu na dutsen Bagazam da ke Ayar. A 1894 Moso ya hau can da rukunin sojoji da na'urorinsa, yana auna numfashinsu da bugun zuciyarsu cikin ƙanƙara. A nan ne ya yi kuskurensa mafi girma. Ya dage cewa ciwon da ke kama masu hawan dutse daga ƙarancin iskar da muke fitarwa ne cikin jini, alhali Bafaranshe Paul Bert ya riga ya nuna cewa ƙarancin iskar oksijin ce, kuma maganar Bert ce ta tabbata. Duk da haka cibiyar bincike da aka buɗe a mashigin Col d'Olen a 1907 sunansa aka sa mata.

A 1904 aka naɗa shi sanata. A wajen wannan lokaci ne ciwon laka ya kama shi, tafiya ta fara yi masa wuya, likitoci suka ce ya bar ɗakin gwaji ya nemi wuri mai ɗumi. Maimakon ya kwanta, sai ya koma haƙar kayan tarihi a tsibirin Kirit da Sisili da kudancin Italiya, ya rubuta littattafai a kan mutanen da suka zauna wuraren nan dubban shekaru da suka wuce. Ya rasu a Turin ranar 24 ga Nuwamba, 1910, yana da shekara 64.

Maganarsa ta jini da tunani ba ta samu karɓuwa nan da nan ba. A 1890 Charles Roy da Charles Sherrington sun goyi bayanta da gwaji a kan dabbobi a Ingila, William James na Amurka ma ya kawo aikin Moso cikin babban littafinsa na wannan shekara. Amma a 1896 wani masani mai faɗa a ji, Leonard Hill, ya musanta, aka jingine batun shekaru da dama. A 1928 wani likita a Boston, John Fulton, ya sa abin sauraro a ƙeyar wani majinyaci mai tarin jijiyoyi a sashen gani, ya ji ƙarar jini na ƙaruwa duk lokacin da mutumin ke karatu. Sai a 1990 Seiji Ogawa, ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna cewa na'urar maganaɗisu ta IRM tana iya bambanta jini mai ɗauke da oksijin da wanda ya sauke ta, zuwa 1992 kuma aka fara kallon ƙwaƙwalwar lafiyayyen mutum tana aiki ba tare da an tsaga ko an yi allura ba.

Dalilin da ya sa dabarar ke ci shi ne ƙwaƙwalwa mai ci ce ƙwarai. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma ba ta da rumbu. Sashen da ya tashi aiki, sai an kai masa kaya a lokacin. Hoton sikana da likita ke nema bayan haɗarin kabu-kabu ko shanyewar ɓarin jiki, wanda aka fara amfani da shi a Landan a 1971, kamar hoton kasuwa ne ranar da ba ta ci: ga rumfuna, ga layuka, ga inda bango ya faɗi ko ruwa ya kwanta. Wanda ya gaji aikin Moso kuwa kamar mutum ne bisa bene ranar kasuwa, yana kallon inda amalanke da ƴan dako suka nufa. Zai gane layin da ciniki ya kankama, amma ba ya jin farashin da ake yi, kuma kayan na isa ne daƙiƙa 4 zuwa 6 bayan an fara cinikin. Saboda haka in kuka ga mai magani ya kafa kwamfuta a rumfa, ya ba tsohuwa wani ƙarfe ta riƙe, ya ce allo ya nuna masa ƙwaƙwalwarta da abin da ke damunta, ku tuna cewa na'urar gaske nauyinta tan-tan ne, ɗaki guda ake gina mata, kuma ko ita ba ta yin abin da yake faɗi.

Da wannan na'ura aka koma kan tambayar ƙararrawa. A shekarar 2000, a jami'ar Washington da ke St. Louis, Mark Wheeler da Steven Petersen da Randy Buckner sun koya wa mutane kalmomi, wasu an haɗa su da hoto, wasu da ƙara. Da aka sa su cikin na'ura aka nuna musu kalmar kaɗai, sashen ji ya motsa ga kalmomin da aka ɗaure da ƙara, sashen gani ya motsa ga na hoto, alhali babu ƙarar babu hoton. A Boston kuma Reisa Sperling da abokan aikinta sun riƙa nuna wa mutane baƙin fuskoki kowace da sunanta. Sun ga cewa wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ke can ciki ta wajen kunne, wanda ake kira hifokamfus, ya fi aiki a kan fuska da sunan da mutum zai tuna daga baya. Wannan yanki na cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara ci, shi ya sa haɗa fuska da suna ke cikin abubuwan da ke fara kuɓucewa. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana riƙe bashin rabin unguwa a ka, yau tana kallon jikanta tana laluben sunansa, ko ta fita da dare ta kasa gane ƙofar gida, ciwo ne ya taɓa wannan wuri. Asibiti ya kamata a nufa da ita, tun kafin bakin unguwa ya fara raɗa mata sunan maita.

Shi kuwa teburin Moso an manta da shi fiye da shekara ɗari, sai ɗan ambato cikin littattafai, har wasu na shakkar ko ya taɓa aiki. A 2013 wani matashin masani ɗan Italiya, Stefano Sandrone, da abokansa suka tono rubutun Moso na 1884, suka bayyana shi a mujallar Brain. A jami'ar Reading ta Ingila, David Field da Laura Inman suka ƙera irin teburin, suka sa masa ma'aunin zamani mai jin ƙaramin nauyi, suka kwantar da mutane a kai. Numfashi ya dame su kamar yadda ya dami Moso, sai da suka tace shi da kwamfuta. Bayan an tace, sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna nauyi na canzawa ta wajen kai lokacin da aka ba ƙwaƙwalwa abin ji da abin gani.